Yadda taurarin ɗan'adam ke hango gonakin Mahuta ta cikin gajimare

A watan Agusta, lokacin da masara da dawa da auduga suka cika gonakin Mahuta da kewayen Funtua da Malumfashi, gajimare kan lulluɓe sama kwana da kwanaki. A lokacin ne aka fi buƙatar sanin inda ruwa ya ci gona, amma taurarin ɗan'adam masu kyamara, irin su NigeriaSat-2 na hukumar NASRDA da aka harba a 2011, ba sa gani ta cikin gajimare.

Masu na'urar radar kuwa suna gani dare da rana. Sukan aika sigina ƙasa su saurari dawowarta, kamar mai kira a gindin dutse yana jiran amsa-kuwwa. Inda ruwa ya kwanta yakan fito baƙi a hoton, shuka kuma ta fito da haske.

Wahalar tana wajen tsara lokaci. Tauraron Sentinel-1 na Turai, da ke shawagi kilomita 693 sama da ƙasa, yana aika sigina sau dubu ko fiye a daƙiƙa guda, kuma yayin da yake aikawa ba ya ji. Duk amsar da ta dawo a daidai wannan lokaci ta ɓace. Idan ya ƙara saurin aikawa, hoton ya yi kyau amma faɗin ƙasar da zai ɗauka ya ragu. Idan ya rage, faɗi ya ƙaru amma hoton ya cuɗe, ƙaramar gona ta ɓace a ciki.

Shi ya sa injiniyoyi suka karkata ga tafiyar ayari. Jamus ta nuna hanyar da TerraSAR-X da TanDEM-X, da aka harba a 2007 da 2010: ɗaya na aikawa, dukansu biyu na saurare. Tun da kamfanin ICEYE na Finland ya harba tauraron radar da bai kai kilo 100 ba a 2018, ake nazarin haɗa ƙanana da yawa, kowane ya ɗauko kasonsa, a haɗa hoto guda mai faɗi da kyau. Sharaɗin shi ne tazararsu da lokacin aika siginar su yi daidai, in ba haka ba biyu su ɗauko abu ɗaya.

Ga manomin Mahuta, amfanin shi ne hujja: hoton da zai nuna wa masu inshora da hukumomin agaji girman gonar da ruwa ya ci tun kafin ya janye.