Ciwon ido: Wane ma'aikacin lafiya ya kamata a nufa?

A Mubi, garin kasuwanci da ke kusa da iyakar Najeriya da Kamaru, jama'a kan kira duk wanda ya duba musu ido da sunan "likitan ido". Sai dai ma'aikatan lafiyar ido kashi huɗu ne, kuma rashin sanin aikin kowannensu kan sa mara lafiya ya yi asarar kuɗi da lokaci, wani sa'in har da ganinsa.

Na farko shi ne likitan ido na ainihi. Shi cikakken likita ne da ya yi shekara 6 a jami'a, sannan ya ƙara wasu shekaru yana samun horo kan ido kaɗai. Shi ke da hurumin yin tiyata, kamar cire yanar ido, kuma shi ke jagorantar jinyar hawan jinin ido da lahanin da ciwon sukari ke yi wa gani.

Na biyu shi ne masanin awon ido, wanda shi ma karatun shekara 6 yake yi a jami'o'i irin su Jami'ar Benin da Jami'ar Bayero ta Kano. Yana auna ƙarfin gani, ya rubuta tabarau, ya gano alamun cuta, ya kuma tura mai buƙatar tiyata ga likita.

Na uku shi ne mai haɗa tabarau, wanda ke yanka gilashi bisa awon da aka rubuta, ya daidaita shi da fuskar mai shi. Gano cuta ko rubuta magani ba aikinsa ba ne. Shi da masanin awo suna ƙarƙashin hukumar rajista guda da aka kafa a 1989.

Na huɗu shi ne ma'aikacin jinyar ido, wanda ya yi ƙarin horo bayan karatun jinya. A yankunan karkara, galibi shi mara lafiya ke fara samu. Yana kula da ƙananan matsaloli irin su Afolo, yana taimaka wa likita a ɗakin tiyata.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma wannan kaso ya fi yawa a shiyyar Arewa maso Gabas. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, sai hawan jinin ido, wanda ba ya nuna alama da wuri, kuma ganin da ya cinye ba ya dawowa.

Saboda haka tabarau da aka saya a kasuwa ba zai maye gurbin gwaji ba. Haka ma masu tura yana cikin ido da tsinke a gargajiyance sukan bar mutum da lahani na dindindin.

Ga mazaunin Mubi, Maiha ko Michika, mataki na farko shi ne zuwa asibiti a duba shi. Idan matsalar ta yi tsanani, akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Raunin ido ko ɗaukewar gani farat ɗaya kuwa ba a kwana da su.