Kabad Ɗin Littattafai A Jikin Bango: Wane Salo Ne Zai Jure Gidajenmu?

Yau shirin namu zai leƙa falo ne da ɗakin karatun maigida, inda ake yayin kafa kabad da kantocin littattafai a jikin bango, tun daga ƙasa har kusa da silin.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Maginan dā sukan bar alkuki a bangon ƙasa don fitila, malamai na adana littattafai a gafaka da adaka, iyayenmu mata kuma sun san darajar kwaba da jeren kwanuka. Abin da ya sauya shi ne waya. Mutum zai ga hoto a Instagram, ya miƙa wa kafinta ya ce, "Irin wannan nake so." To amma hoton nan a Landan ko Istanbul aka ɗauke shi, inda ba a san ƙurar hunturu ba.

Mu a nan ƙura ce ke fara zaɓar mana salo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kanta marar murfi sai an goge ta kullum, kuma ƙurar kan shige tsakanin takardu inda tsumma ba ya kaiwa. Shi ya sa tsarin da ya fi dacewa shi ne a rufe ƙasa da ƙofofin katako, a ɓoye fayil da wayoyin caji da tarkacen yara, sama kuma a sa gilashi. Littafi yana ganuwa, ƙura ba ta shiga.

Fuskar ƙofar fa? Mutanenmu na son mai sassaƙa da tudu a tsakiya, irin ta gidan sarauta, kuma tana da kwarjini, ba musu. Sai dai kowane lungu na sassaƙar nan ma'ajiyar ƙura ne, a ƙaramin ɗaki kuma takan danne wuri. Shafaffiyar ƙofa marar ado ita ce mafi sauƙin gogewa, amma ba ta rufa wa kafinta asiri: in layi ya karkace ko kaɗan, kowa zai gani. Tsakaninsu akwai wadda ake kira Shaker, wato firam mai kusurwa huɗu da shafaffen allo a ciki. Sunan wata ƙungiyar addini ce da ta ƙaura daga Ingila zuwa Amurka a 1774, masu ƙin ado a kayan ɗaki. Ni dai wannan ƙofar nake fifitawa, domin ba ta tsufa da yayi, kuma duk kafintan da ya iya haɗa firam zai iya ta.

Yanzu mu zo ga abin da ido ba ya gani, wanda nan ne kuɗi ke salwanta. In ka shiga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, ko Panteka a Kaduna, za a nuna maka allon MDF mai santsi, ƙafa 4 a ƙafa 8, ya sha fenti kamar madubi. Yana da kyau a ƙofa. Amma garin katako ne aka matse da gam, in ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura, ba ya komawa. Bangon da ke jan laima a watan Agusta ba wurinsa ba ne. Shi kuma katako na gaske, irin maɗaci, yana da ƙarko, muddin ya bushe. Wanda aka ɗauko ɗanye daga kudu, da iskar hunturu ta buge shi sai ya tsuke, ƙofa ta ƙi haɗuwa da 'yar'uwarta.

Sai nauyi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mujalladan Fathul Bari ko Tafsirin Ibn Kasir ya san littafi ba auduga ba ne. Allo mai kaurin milimita 18, kada tsawonsa ya wuce santimita 80 ba tare da tokari ba, in MDF ne ma a rage. In ba haka ba, sannu a hankali zai lanƙwashe a tsakiya. Zurfin santimita 25 zuwa 30 ya wadatar. In ya fi haka, sai a fara jera littafi bayan littafi, na bayan kuma an manta da shi ke nan.

Gara kuwa ba ta sallama. A shafa wa bango da bayan katakon maganinta kafin a kafa, a ɗaga gindin kabad ɗin daga daɓe, a bar 'yar tazara a baya iska ta riƙa wucewa. Kada a yarda da baƙin mai irin wanda ake shafa wa katakon rufi, domin zai ɓata takarda da wari da tabo.

Masu zaman haya kuma, a yi hattara. Abin da aka kafe a bango, ranar tashi rigima ce da mai gida. Ku ce wa kafinta ya yi muku shi gida-gida, a haɗa da noti, yadda za a kwance a loda a mota. Kuma kafin ya yanka allo ko ɗaya, ku sa ya auna littafinku mafi tsayi.