Takarda kafin fenti: yadda ake raya tsohuwar Fijo a Gombe

A garejojin Gombe har yau akan ci karo da Peugeot 504, motar da ta yi zamani a ma'aikatun gwamnati, wadda masana'antar PAN ta Kaduna ta daɗe tana haɗawa bayan buɗe ta a 1975. Da gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin biyan ma'aikata kuɗi a madadin motar ofis a 2003, motocin hukuma da dama suka koma hannun jama'a.

Mai son raya irin wannan mota, littafi ya kamata ya fara saye kafin fenti. A ciki zai rubuta lambar shasi da ta inji, ya adana takardar gwanjo da rasidin kowane kayan gyara, ya kuma ɗauki hoto kafin bakanike ya kwance komai. Idan an sauya inji, sai a rubuta ranar da sunan mai sayarwa, domin lambar da ta saɓa wa takarda kan jawo zargin sata a shingen 'yan sanda.

Ranar sayarwa ko rabon gado, wannan littafi ne shaidar motar.