Kafin Ka Jefar da Tsohon Fad

Yau muna ƙetaren kogi, a unguwar Kakuri, inda kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Daga nan zuwa unguwannin Television da Sabon Tasha, tsofaffin J5 da Hiace har gobe su ke ɗaukar kaya da fasinja.

To, direba ya kawo bas, birki yana ƙara. An kwance taya, an zaro fad ɗin birki guda biyu. Ɗaya da sauran namansa, ɗaya ya cinye har ƙarfe. Mota ɗaya, taya ɗaya, rana ɗaya aka sa su. Mai gaggawa zai ce fad ɗin jabu ne, a sayo wani. Wani lokaci haka ne, amma bakanike mai haƙuri yakan fara tambaya: wanne ya cinye?

Ku saurara da kyau. In na ciki ne, ko dai fistin ya maƙale ba ya komawa, ko ƙarafan nan biyu da kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faifai, ke zamewa a kansu sun bushe. Robar da ta rufe su ta yage, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya biyo baya, tsatsa ta kama. In na waje ne, kalifar ce ba ta sakin faifai. In kuwa fad ya cinye a karkace, gefe da kauri gefe siriri, ƙarfe ɗaya ne ya cije.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne tiyon birki. A waje lafiya ƙalau, a ciki ya ruɓe: mai yana zuwa, ba ya dawowa. Sai a ɗaga motar a jak, a taka birki, a saki. Taya ta ƙi juyawa? A sassauta ƙusar da ake fitar da iska. In tayar ta saki nan take, tiyo ne. In ta ƙi, kalifa ce.

Lokaci yana hararar mu. Fad, a canza dama da hagu tare. Giris, na birki, don na gama-gari kumbura roba yake. Direba, in bas na jan ka gefe ɗaya in ka taka birki, kada ka sake lodi sai an duba. Allah ya tsare hanya.