Kafin ka buga leda: Sunan da ka raɗa wa kayanka naka ne kuwa?

Ka buɗe shafi a Instagram, kana tallan garin rogo daga Batsari. Ko ke kina haɗa yaji da zuma a Safana, kina aikawa Katsina da Dutsin-Ma a mota. Oda ta fara shigowa, har an je Kano an buga leda mai ɗauke da suna. To ga tambayar da yawancinmu ba ma yi sai ta ɓaci: gobe idan wani ya buga wannan sunan a jikin nasa kayan, da me za ka hana shi?

"Ai na yi rajista da CAC," in ji ka. Madalla, amma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. CAC sunan kasuwanci ko kamfani take yi wa rajista. Sunan da ke jikin kaya kuwa, wato tambarin kasuwanci, ofishinsa daban ne a Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, kuma dokarsa ta 1965 ce. Takardar CAC ba ta mallaka maka tambari.

Wani abin kuma, sunan da ya fi zo mana a baki shi ne doka ta fi wuyar karɓa. Ɗauki "Garin Rogon Batsari". Suna ne mai daɗi, amma duk manomin rogo daga Ruma har Wagini yana da haƙƙin faɗin inda kayansa suka fito. Shi ya sa doka ba ta saurin ba mutum ɗaya sunan gari. Haka "Zumar Dajin Rugu". Haka kalmomin yabo irin su "mai daɗi", "na asali" ko "mai inganci", domin siffanta kaya kawai suke yi, kuma kowane ɗan kasuwa yana bukatarsu. Sunan iyali zalla ma haka yake. Irin waɗannan sai ka kawo hujjar cewa dogon amfani ya sa jama'a sun san sunan da kayanka kai kaɗai. Kai da ka fara bara, ina ka ga wannan hujjar?

To wane suna ne ke wucewa? Mafi ƙarfi shi ne kalmar da ka ƙirƙira da kanka. George Eastman ya ƙirƙiri Kodak a 1888, kalmar da ba ta nufin komai sai kayansa. Na biyu, kalma sananniya wadda ba ruwanta da abin da kake sayarwa. Apple tuffa ce, amma waya da kwamfuta suke yi. Peak ba ta nufin madara. Hausa cike take da irin waɗannan: sunan tsuntsu, na tauraro, na itace. Ko ka haɗa gaɓoɓin kalmomi biyu su ba ka sabuwa. Batsari kuma ba ka rabu da ita ba, sai ka rubuta ta a ƙasa a matsayin adireshi.

Ka kuma guji raɓa sunan wani. Sauya harafi ɗaya a sunan da ya yi fice ba dabara ba ce, jawo wa kai shari'a ne. A 1961 kamfanin magani na Niger Chemists da ke Onitsha ya kai ƙarar wasu da suka buɗe shago da sunan Nigeria Chemists, kotu ta hana su amfani da shi saboda zai rikita masu saye. Doka ta kuma hana sunan da zai yaudari mutane ko ya saɓa wa tarbiyya.

Ga yadda tafiyar take. An kasa kaya da ayyuka aji 45. Gari, yaji da zuma suna aji na 30, turare da sabulu na 3, tufafi na 25, kuma rajistarka ajin da ka nema take karewa. Ana fara bincike a ofishin ko wani ya riga ka. In an karɓi buƙatarka, za a wallafa ta a mujallar ofishin, a ba duk mai ƙorafi wata biyu. In ba a samu ba, sai satifiket. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14-14. Yawanci ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi ake bi. Kar kuma ka liƙa ƙaramin R ɗin nan mai da'ira kafin rajista ta fito, laifi ne.

Ranar da za ka nemi lambar NAFDAC domin kayanka su shiga manyan kantuna, cikin takardun da ake tambaya akwai shaidar rajistar sunan kaya. Idan a lokacin ne ka gano sunan ba zai karɓu ba, ledojin da ka buga sun tafi, mabiyan da ka tara kuma sai ka sake koya musu sabon suna.

Don haka yau da dare ka rubuta sunaye biyar. Soke mai sunan gari, soke mai yabon kai, soke mai kama da na wani. Wanda ya rage ka bincika shi a intanet, ka faɗa wa kakarka ka ji ko zai zauna a bakinta. In ya zauna, kai shi bincike Abuja tukuna, sannan ka kira mai buga leda.