Zaɓen Soket Don Kwance Na'urar Auna Oksijin Idan Ta Cije

A jikin bututun salansar motocin zamani akwai wata 'yar na'ura mai kama da fulogi, wadda aikinta shi ne auna yawan iskar oksijin da ta rage a cikin hayaƙi bayan fetur ya ƙone. Kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ne ya ƙirƙiro ta, kuma motocin Volvo ne suka fara amfani da ita a shekarar 1976. Labarin da take aika wa kwamfutar mota shi ke sa a daidaita haɗin iska da mai, wato kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Idan ta lalace, sai mota ta riƙa shan mai fiye da kima, hayaƙinta kuma ya ƙazanta.

Wahalar tana wajen kwance ta. Na'urar takan shekara da shekaru cikin zafin da kan wuce digiri 600 a ma'aunin Salsiyos, ga kuma ruwa da laka. A irin wannan hali oksijin kan haɗu da ƙarfe ya haifar da tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri. Saboda haka sai ta cike tsakanin haƙoran ɗauri, na'urar ta cije tamkar an yi mata walda.

Kan mafi yawan waɗannan na'urori yana da kusurwa shida, faɗinsa milimita 22, kwatankwacin 7/8 na inci. Amma da yake waya tana fitowa ta bayanta, soket na yau da kullum ba ya shiga. Wannan ne ya sa aka ƙera soket na musamman mai tsaga a gefe, inda wayar za ta bi. Akwai dogo, akwai kuma gajere mai mariƙi a gefe, wanda ake sa wa a matsattsen wuri.

Abin lura shi ne, tsagar nan ita ce rauninsa. Ƙarfen da ya zagayo ya haɗe yana jure matsi ta kowane ɓangare, amma wanda aka tsaga yakan buɗe baki idan aka matsa masa. Da ya buɗe ko da kaɗan ne, sai ya zame ya cinye kusurwoyin na'urar, kanta ya zama kewayayye, babu sauran abin kamawa. Haka nan soket ko sifana mai kusurwa goma sha biyu bakin kusurwa kawai yake kamawa, alhali mai kusurwa shida yana riƙe gefunan sosai.

Don haka zaɓin ya danganta da abin da ake nufi da na'urar. In lafiyarta ƙalau, kuma za a mayar da ita, soket mai tsaga ne ya dace, domin a tsare wayar. Wasu makanikai kan ɗaure bakinsa da kilif irin na tiyo don kada ya buɗe. In kuwa ta mutu kuma ta cije, abin da ya fi shi ne a yanke wayar, a sa dogon soket marar tsaga mai kusurwa shida, ko zoben sifana na milimita 22.

Kayan aiki kaɗai ba su isa ba. Ana fara zuba man kwance tsatsa a bar shi ya ratsa, sannan a ɗumama inji na 'yan mintoci, ko a gasa mazaunin na'urar da wuta nesa da bututun mai. Zafi kan sa ƙarfen mazaunin ya buɗa, tsatsar ta farfashe. Dogon mariƙi yana ƙara ƙarfin juyi, domin ninka tsawonsa ninka ƙarfin ne, amma a hankali ake ja, ana kwancewa ana ɗan mayarwa. Gaggawa kan ci haƙoran mazaunin, aikin rabin sa'a ya koma na mai walda, wani lokaci har da sauya bututu.

Kafin a ɗaura sabuwa, ana share haƙoran mazaunin, waɗanda galibi girmansu M18 x 1.5 ne. Ana shafa man hana cijewa a kan haƙoran kawai, kada ya taɓa bakin na'urar, domin dalma da silikon suna kashe ta. Da hannu ake fara murza ta, sannan a ƙarasa da soket mai tsaga gwargwadon ƙarfin da kamfanin motar ya ƙayyade. Bakaniken da ya kiyaye wannan ya sauƙaƙa wa wanda zai kwance ta a gaba.