Tashar Jirgin Ƙauran Namoda: Wace Irin Fasaha Za Ta Dace Da Ita?

A Ƙauran Namoda layin dogon da ya taso daga Zariya ya ƙare, bayan ya ratsa Funtuwa da Gusau, tafiyar fiye da kilomita 200. Turawan mulkin mallaka ne suka kammala shi a 1929, domin kwashe gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. Daga Shinkafi da Zurmi a kan jakuna da raƙuma ake kawo kaya tashar. Yau shekaru da dama ke nan babu mai shirya tafiya da sa ran jirgi, kowa mota yake nema, ga kuma halin da hanyoyin yankin suke ciki saboda 'yan bindiga.

Matsala ta farko tana ƙasa, a jikin ƙarfen kansa. Faɗin tsohon layin milimita 1,067 ne, shi kuwa na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 milimita 1,435 ne. Saboda haka taragon wancan layin ba zai hau wannan ba. Ko dai a gyara tsohon a ci gaba da irin jiragensa, ko a tone a shimfiɗa sabo. Gyaran kundin tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, don haka yanzu Gusau ma tana da ta cewa.

Sai batun tikiti, inda aka fi saurin yin kwafi ba tunani. A Janairun 2021 aka fara sayar da tikitin Abuja zuwa Kaduna ta intanet, a Legas kuma fasinjan Blue Line katin Cowry yake ɗorawa a na'ura ya wuce. Duka biyun sun yi kyau a inda suke. Amma duk ɗan Zamfara yana tune da Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, POS ya tsaya cak, mutane suka riƙa fita wata jiha don kawai su yi kira. Manhajar da sai ta tuntuɓi saba kafin ta bar mutum ya shiga jirgi, a nan ba ta da amfani.

Akwai mafita, kuma ba ta da tsada. A buga tikiti da lambar QR mai ɗauke da sa hannun dijital na hukumar jirgin. Wayar mai duba tikiti tana riƙe da mabuɗin tantancewa, sai ta gane na gaske da na bogi ba tare da data ba, ta kuma ajiye lambobin da aka riga aka yi amfani da su don kada tikiti ɗaya ya shigar da mutum biyu. In sabis ya dawo sai ta tura bayanan. Mai ƙaramar waya ya saya ta USSD, wanda ba shi da ko ɗaya ya miƙa kuɗi a taga ya karɓi takardarsa.

Sauran kayan sanannu ne: sola da batir saboda fitilun dandamali da wurin cajin waya, lasifika mai sanarwa da Hausa, famfo, banɗaki, da rumfar jira ta mata daban. Direba da tasha su yi magana ta rediyon oba-oba, wanda ba ruwansa da turakun kamfanonin waya. Bayan harin da aka kai wa jirgin Kaduna a ranar 28 ga Maris, 2022, babu wanda zai ɗauki wannan a matsayin ƙawa. Masu girkawa da gyarawa ma ba sai an ɗauko su daga nesa ba, tunda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana cikin garin.